Alkawarin Ƙasa a Littafi Mai Tsarki: A Daina Tsayawa a Kan Aya Ɗaya

Ya Edita,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridar nan in sa baki a wata magana da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a Kano tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoba na 2023. A teburin mai shayi, a rumfunan Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, har a zaurukan WhatsApp, ana ta jifan juna da ayoyin Littafi Mai Tsarki game da ƙasar da Allah ya yi wa Ibrahim alkawari. Wasu sukan ɗauko ayoyi biyu su jera, su ce ga shi nan littafin yana ƙaryata kansa. Wasu kuma, cikinsu har da 'yan'uwana Kiristoci masu bi, sukan ɗauko Farawa 15:18, ayar da ta ce ƙasar ta tashi daga kogin Masar har zuwa Furatu, su ɗaga ta kamar ita ce hukuncin ƙarshe a kan duk abin da ke faruwa yau. Dukansu ciwonsu ɗaya ne, sun karanta aya sun rufe littafi. Abin da nake so in nuna shi ne, mafi yawan wuraren da ake cewa sun saɓa, amsarsu tana nan kusa, wani lokaci a ayar da ke gaba ko wadda ke baya, kuma idan aka karanta su tare sai a ga ƙasar amana ce mai sharaɗi, mai ita kuwa Allah ne.

A fara da Ibrahim kansa. A Farawa 13:15 Allah ya ce masa duk ƙasar da yake hange zai ba shi, shi da zuriyarsa. Amma a Ayyukan Manzanni 7:5 Istifanas, ɗaya daga masu bin Almasihu na farko, ya ce Allah bai ba shi gādo a cikinta ba, ko da wurin sa ƙafa. Mai neman saɓani yakan tsaya a nan. Da zai buɗe Farawa 15 da ya ga Ibrahim ya riga shi yin tambayar. A aya ta 8 ya ce, ta yaya zai san zai mallake ta? Aka amsa masa a ayoyi 13 zuwa 16 cewa zuriyarsa za su yi baƙunci a ƙasar da ba tasu ba, za a bautar da su, shi kuwa zai rasu cikin salama da kyakkyawan tsufa, sai a tsara ta huɗu za su komo. Wato tun ran da aka ƙulla alkawarin an gaya masa ba zai ga cikarsa da idonsa ba. An kuma faɗi dalilin jinkirin, cewa muguntar Amoriyawa, mazaunan ƙasar, ba ta kai ga cika ba tukuna. Wannan jimlar a riƙe ta, domin tana nuna cewa mutanen da ke zaune a wurin suna da hakki a gaban Allah, ba a kuma tashe su sai da dalilin shari'a.

Dubi kuma yadda Ibrahim ya yi da alkawarin a aikace. Da Saratu ta rasu a Hebron tana da shekara 127, bai je ya ce wa Hittiyawa Allah ya ba shi ƙasar ba. Ya ce musu shi baƙo ne a cikinsu, yana neman wurin binne matarsa. Efron, mai gonar, ya yi masa tayin kyauta, Ibrahim ya ƙi, ya auna masa shekel 400 na azurfa bisa ma'aunin 'yan kasuwa, kimanin kilo 4 da rabi, a ƙofar gari a gaban shaidu. Farawa 23:17 ta lissafa abin da cinikin ya ƙunsa: gonar, da kogon Makfela, da itatuwan da ke cikin iyakarta. Kuɗin ba kaɗan ba ne, don ƙarnuka bayan haka Irmiya ya sayi gona a Anatot a kan shekel 17 kacal. Abin da mutum ya saya da kuɗinsa ba gādo ba ne, saboda haka maganar Istifanas tana nan daram. Wurin kuwa yana nan har yau a garin da Larabawa ke kira Al-Khalil, Yahudawa da Musulmi duka suna ziyartarsa.

Sai batun iyaka, wanda ya fi tayar da jijiyar wuya. Gaskiya ne littafin bai ba da iyaka iri ɗaya ba. Farawa 15:18 ta ce daga kogin Masar zuwa babban kogi Yufiretis, wanda aka fi sani da Furatu. Fitowa 23:31, da Maimaitawar Shari'a 11:24, da Joshuwa 1:4 duk sun bi wannan faɗin. Amma Littafin Ƙidaya 34:1-12, inda aka zana iyakar da za a raba wa kabilu, ya kawo ƙasa mafi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A kudu ta tashi daga Tekun Gishiri ta bi ta jejin Zin da Kadesh-barneya ta faɗa rafin Masar, wanda masana da yawa ke ɗauka shi ne Wadi al-Arish a Sina'i. A yamma Bahar Rum ce. A arewa ta kai mashigin Hamat. A gabas ta gangaro ta tekun Kinneret ta bi kogin Urdun. Furatu ba ya ciki. Sannan ga wata ta uku wadda ta fi su duka ƙanƙanta, ita ce wadda marubuta tarihin Isra'ila suka saba faɗa, daga Dan zuwa Biyer-sheba, tafiyar kilomita 240 ko kusa da haka.

Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka ukun nan amsa ce ga tambaya ɗaya. Ta Ƙidaya 34 ƙasar rabo ce, wadda aka jefa kuri'a a kanta. Ta Dan zuwa Biyer-sheba inda mutane suka zauna ne a zahiri. Mai faɗin kuwa iyakar da mulki zai iya kaiwa ce, kuma an ɗaura mata sharaɗi ƙarara. Maimaitawar Shari'a 11:24, wadda ake yawan kawowa, jimlarta ta faro ne daga aya ta 22 da kalmar "idan": idan kuka kiyaye dukan umarnan nan. Maimaitawar Shari'a 19:8-9 ta ƙara fito da abin fili. An umarce su su keɓe biranen mafaka uku, sa'an nan aka ce in Allah ya faɗaɗa iyakarsu kamar yadda ya rantse wa kakanninsu, in sun kiyaye doka, sai su ƙara wasu uku. Ashe marubucin ya san da ƙaramar iyaka da babba, ya kuma san ta biyun tana jiran biyayya.

A zamanin Sulemanu ne aka fi kusantar babbar. 1 Sarakuna 4:21 ta ce ya yi mulki bisa mulkoki tun daga Kogin, wato Furatu, har zuwa ƙasar Filistiyawa da iyakar Masar, suna kawo masa haraji. Ayoyi huɗu a gaba, a 4:25, aka ce Yahuza da Isra'ila sun zauna lafiya daga Dan zuwa Biyer-sheba. Mutum ɗaya ya rubuta su a shafi ɗaya, don karɓar haraji daban, zama a ƙasa daban. Ko a lokacin ma Taya tana hannun sarkinta Hiram, har Sulemanu ya ba shi garuruwa 20 a Galili, Rezon kuma ya kafa kansa a Dimashƙu yana gāba da Isra'ila.

Akwai wani babi da masu zana taswira daga Nilu zuwa Furatu ba sa kawowa, shi ne Maimaitawar Shari'a 2. A aya ta 5 Allah ya hana Isra'ila taɓa dutsen Seyir, ya ce ko taki ɗaya ba zai ba su ba, gama ya ba Isuwa, ɗan'uwan Yakubu. A aya ta 9 haka ya faɗa game da Mowab, a ta 19 game da Ammonawa, zuriyar Lutu. Waɗannan yankuna suna cikin ƙasar Jodan ta yau. Littafin da ya ce Allah ya ba Isra'ila ƙasa, shi ne ya ce ya ba maƙwabtansu tasu. Annabi Amos ma a 9:7 ya ce Allah da ya fito da Isra'ila daga Masar shi ne ya fito da Filistiyawa daga Kaftor, da Suriyawa daga Kir.

Inda na fi so a tsaya a natsu shi ne littafin Joshuwa, domin a nan ne zargin saɓani ya fi kama da gaskiya. Joshuwa 11:23 ta ce Joshuwa ya ci dukan ƙasar. Joshuwa 21:43-45 ta ce Ubangiji ya ba su dukan ƙasar da ya rantse, ba ko ɗaya daga alkawaransa da ya faɗi ƙasa. Amma 13:1 ta ce Joshuwa ya tsufa, ga kuwa ƙasa da yawa ƙwarai da ba a mallaka ba. Littafin Mahukunta babi na 1 kuma ya jera garuruwan da aka kasa korar mutanensu, kabila bayan kabila: Bet-sheyan, Ta'anak, Dor, Magiddo, Akko, Sidon da sauransu.

Matakin farko shi ne a koma baya da aya ɗaya. Joshuwa 11:22, wadda ke manne da "ya ci dukan ƙasar", ta ce Anakawa, ƙattan mutanen ƙasar, zuriyar Anak, sun ragu a Gaza da Gat da Ashdod. Marubucin bai manta ba, da bakinsa ya faɗi abin da ya rage sannan ya ce duka. A 10:20 abin ya fi haka fitowa, don a cikin aya guda aka ce an karkashe su har sun ƙare, aka kuma ce waɗanda suka tsira sun shige birane masu garu. Haka ake ba da labarin nasara a wancan zamani a duk yankin. Akwai wani dutse da Fir'auna Merneptah ya sa aka rubuta wajen shekara ta 1208 kafin haihuwar Almasihu, wanda Flinders Petrie ya tono a Tibis a 1896, yana kuma Alƙahira yanzu. A kansa Fir'auna ya yi kirarin cewa Isra'ila ta zama kango, irinta ya ƙare. Kowa ya san ba ta ƙare ba. Mai sauraro na wancan lokaci ya san abin da ake nufi da irin wannan magana, an karya lagon abokin gāba, ba ya iya sake fitowa fili.

Mataki na biyu shi ne a bi gari ɗaya daga farko har ƙarshe, a ga bambancin cin yaƙi da tarewa. Ɗauki Gezer. A Joshuwa 10:33 an kashe sarkinta Horam da rundunarsa a lokacin da ya zo taimakon Lakish, sarkin Gezer kuma ya shiga jerin sarakuna 31 da ke babi na 12. A 16:10 aka ce Ifraimawa ba su kori Kan'aniyawan Gezer ba, sun dai sa su aikin dole. Garin bai shiga hannun Isra'ila ba sai a 1 Sarakuna 9:16, inda Fir'auna ya ci shi ya ƙone, ya ba 'yarsa, matar Sulemanu, a matsayin gara. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin ukun. An ci sarki a fagen fama, ba a ci garu ba. Urushalima ma haka take. An kashe sarkinta Adoni-zedek a Joshuwa 10, amma 15:63 ta ce Yebusiyawa suna nan zaune, sai Dawuda ne ya ci kagarar a 2 Sama'ila 5. Runduna tana iya cin gari yau ta koma sansaninta a Gilgal, kamar yadda 10:43 ta ce sun yi, gobe waɗanda suka gudu su dawo gidajensu. Shi ya sa Hebron da aka ci a babi na 10 sai da Kalibu, abokin Joshuwa, ya sake korar 'ya'yan Anak uku daga cikinta a 15:14.

Ba a kuma taɓa cewa aikin na dare ɗaya ba ne. Fitowa 23:29-30 ta ce ba za a kore su cikin shekara guda ba, don kada ƙasar ta zama kufai namomin jeji su yi yawa, da kaɗan da kaɗan za a yi. Ana iya lissafa tsawon yaƙin daga shekarun Kalibu. Yana da 40 aka aike shi leƙen asiri daga Kadesh, yana da 85 a Joshuwa 14:10. Cire shekara 38 da Maimaitawar Shari'a 2:14 ta ce sun yi daga Kadesh zuwa rafin Zered, saura wajen 7. Bayan wannan Joshuwa da kansa ya tsawata wa kabilu bakwai a 18:3, yana tambayarsu sai yaushe za su daina sanyin jiki su je su mallaki abin da aka riga aka ba su. A cikin wannan tambaya bayarwa ta wuce, mallaka tana gaba. Masana da yawa a jami'o'i suna ganin labarin Joshuwa da na Mahukunta 1 sun fito daga majiyoyi dabam dabam aka haɗa su. Ko da an karɓi wannan, wanda ya haɗa su ya bar su kafaɗa da kafaɗa da saninsa, ya kuma ba da dalili a Mahukunta 2:1-3, cewa daga wajen Allah ba a rage kome ba, mutane ne suka ƙulla yarjejeniya da abin da aka hana su.

Lissafin shekarun baƙunci ba zai ɗauke mu lokaci ba. Farawa 15:13 ta ce 400, Fitowa 12:40 ta ce 430 a Masar, Manzo Bulus kuma a Galatiyawa 3:17 ya sa 430 tsakanin alkawari da ba da Doka ta hannun Musa. Ibrahim yana da 75 ya bar Haran, yana da 100 aka haifi Ishaku, shekara 25 ke nan. Ishaku yana da 60 aka haifi Yakubu. Yakubu yana da 130 ya tsaya gaban Fir'auna. A haɗa 25 da 60 da 130, an sami 215 a Kan'ana, rabin 430 daidai. Tsohuwar fassarar Helenanci da aka yi a Iskandariya a ƙarni na 3 kafin Almasihu, da Attaurar Samariyawa, duka biyu a Fitowa 12:40 sun ce a Masar da Kan'ana, abin da ya dace da lissafin Bulus. Malaman Yahudawa na dā kuma sun ƙirga 400 daga haihuwar Ishaku, suka sami 210 a Masar. Masu riƙe da 430 cur a Masar suna da tasu hujjar, don Ƙidaya 3:28 ta ba zuriyar Kohat, kakan Musa bisa jerin Fitowa 6, maza 8,600 a zamanin Musa, wanda ke nuna an tsallake wasu sunaye a jerin. A ganina 400 adadi ne dunƙulalle, 430 kuma na ƙididdiga, gardamar duk a kan inda aka fara ƙirga take.

Babbar maganar ita ce "har abada". Farawa 17:8 ta kira ƙasar Kan'ana madawwamiyar mallaka. A Farawa 15 kuma, da Ibrahim ya tsaga karsana da akuya da rago ya jera, tanderu mai hayaƙi da harshen wuta ne kaɗai suka ratsa tsakanin gunduwoyin, shi yana cikin barci mai nauyi. Irmiya 34:18 ta nuna cewa mai ratsawa shi ne ya ɗauki rantsuwa a kansa. Wato Allah ne ya ɗaure kansa. To, ta yaya Littafin Firistoci 18:28 zai ce in sun ƙazantar da ƙasar za ta amayar da su kamar yadda ta amayar da al'ummar da ta riga su? Ta yaya Maimaitawar Shari'a 28:63 za ta ce za a tumɓuke su daga cikinta?

Mabuɗin yana Littafin Firistoci 25:23, inda Allah ya hana a sayar da ƙasa har abada, ya ce ƙasar tasa ce, su kuwa baƙi ne masu zama a wurinsa. Duk wanda ya taɓa neman takardar fili a Kano zai gane wannan. Bisa dokar filaye ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Takardar da ake ba mutum ta izinin zama ce, galibi ta shekara 99, da sharuɗɗanta a rubuce, wanda ya karya su kuma ana iya soke tasa ba tare da filin ya daina zama fili ba. Alkawarin da aka yi wa zuriyar yana tsaye saboda amincin wanda ya yi shi, amma zaman kowace tsara a cikin ƙasar yana rataye da halinta. Tsarar farko ma ba ta shiga ba. Daga maza 603,550 da aka ƙidaya a Ƙidaya 1:46, Joshuwa da Kalibu ne kawai suka haye Urdun, Musa kansa daga kan dutsen Nebo ya hango ta. Ba wannan ne kaɗai wurin da "har abada" ta zo da sharaɗi a ƙunshe ba. A 1 Sama'ila 2:30 Allah ya ce wa Eli firist ya taɓa cewa gidansa zai yi masa hidima har abada, amma yanzu ba haka ba, gama masu girmama shi ne zai girmama.

Tarihi ya bi wannan layi. Assuriya ta ci Samariya a 722 kafin Almasihu. Nebukadnezzar ya rushe Urushalima a 586. Sairus na Farisa ya ba da izinin komawa a 538, kamar yadda Firistoci 26:44-45 da Maimaitawar Shari'a 30:1-5 suka faɗa, cewa Allah ba zai yashe su ƙaƙaf ba, komowa kuma tana tare da tuba. A addu'ar Nehemiya 9 an haɗa biyun ba tare da wani ya ga saɓani ba: aya ta 8 ta ce Allah ya cika maganarsa ga Ibrahim, aya ta 36 ta ce ga mu bayi a ƙasar da ka ba kakanninmu. Ayar da nake roƙon masu wa'azi su karanta wa jama'a ita ce Ezekiyel 33:24-26. Waɗanda suka ragu a kufan ƙasar suna cewa Ibrahim shi kaɗai ne ya gāji ƙasar, balle mu da muke da yawa. Allah ya amsa musu da tambaya: kuna zub da jini, kuna dogara ga takobinku, sa'an nan ku mallaki ƙasar? Hujjar da wasu ke kafawa yau da sunan Ibrahim, an riga an kafa ta shekara 2,600 da suka wuce, annabi kuma ya ƙi ta.

Wuri ɗaya ne ya fi sauran tauri, bai kuma kamata malami ya ɓoye shi ba. Ayyukan Manzanni 7:16 ta ce an binne kakannin a Shekem, a kabarin da Ibrahim ya saya daga 'ya'yan Hamor. Amma Farawa 33:19 ta ce Yakubu ne ya sayi filin Shekem daga 'ya'yan Hamor da kuɗi 100, a can kuma aka binne ƙasusuwan Yusufu bisa Joshuwa 24:32. Abin da Ibrahim ya saya yana Hebron, can aka kai Yakubu. Wasu suna cewa Ibrahim ya fara sayen wurin lokacin da ya gina bagade a Shekem a Farawa 12, amma nassin bai ce ya saya ba, bai kuma kamata a sa masa abin da bai faɗa ba. Bayanin da ya fi nauyi shi ne Istifanas, yana tsaye gaban majalisar da ke shirin kashe shi, ya dunƙule ciniki biyu da jana'iza biyu a jimla guda ga mutanen da suka san labarin ciki da bai. Haka ya yi a farkon jawabin, inda ya haɗa kiran Ibrahim na Ur da na Haran. Luka kuwa, marubucin Ayyukan Manzanni, ya rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi.

Game da wace ce zuriyar, Farawa 17:18-21 da 21:12-13 sun ce alkawarin zai bi ta Ishaku, amma a wuri guda suka ce an sa wa Isma'ilu albarka, zai haifi sarakuna 12, zai zama babbar al'umma domin shi ma ɗan Ibrahim ne. Su biyun ne suka binne mahaifinsu a Makfela, in ji Farawa 25:9. Sabon Alkawari ya buɗe ƙofar fiye da haka. Romawa 4:13 ta ce Ibrahim magājin duniya ne, Galatiyawa 3:29 ta ce na Almasihu su ne zuriyarsa, Ibraniyawa 11:16 ta ce kakannin suna begen ƙasa mafi kyau, ta sama. A nan masu bi suka rabu. Wasu suna sa ran cikar alkawarin ƙasa a zahiri nan gaba, har suna ganin alama a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Wasu suna ganin ya riga ya cika cikin Almasihu. Kowane ɓangare yana da malamai masu tsoron Allah. Abin da ba wanda ya isa ya cire shi ne sharaɗin adalci. Ahab sarkin Isra'ila ne a cikin ƙasar alkawari, duk da haka da ya ƙwace gonar inabin Nabot aka aiko masa Iliya da hukunci. Ezekiyel 47:22, a tsakiyar wahayin sake rabon ƙasar, ta ce baƙin da ke zaune a cikinsu suka haifi 'ya'ya za a ɗauke su kamar haifaffun gida, a ba su gādo tare da kabilu. Masu bi na Kano su kuma tuna akwai Kiristoci Falasɗinawa a Baitalami da Gaza, masu karanta wannan littafin da muke karantawa.

'Yan'uwanmu Musulmi sun san sashen labarin nan daga Alƙur'ani. A Suratul Ma'ida aya ta 21 Annabi Musa ya umarci mutanensa su shiga ƙasa mai tsarki da Allah ya rubuta musu, suka ƙi, a aya ta 26 aka haramta musu ita shekara 40. A Suratul Baƙara aya ta 124 an gaya wa Annabi Ibrahim cewa alkawarin ba zai sami azzalumai ba. Suratul Anbiya aya ta 105 ta ambaci Zabura da sunanta a kan cewa bayin Allah salihai ne za su gāji ƙasa, Zabura 37:29 kuwa ta ce masu adalci za su gāji ƙasar. Tafsirin waɗannan aikin malamansu ne, na kawo su ne don a ga cewa batun kyauta mai sharaɗi ba baƙo ba ne ga kowane ɓangare na garin nan.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne duk wanda ya aiko da rubutu a kan wannan batu, kowane addini yake bi, a nemi ya sa sunan littafi da babi da aya, ya kuma nuna ya karanta abin da ke gaba da bayan ayar da ya kawo. Ya faɗi wa ake yi wa maganar, a wane zamani, ko akwai "idan" a farkonta, ko kuma iyakar rabo ake nufi ko ta haraji. Wanda ke ganin Joshuwa 11:23 ta ƙaryata 13:1, ya fara da bayyana mana 11:22. Wanda kuma ke ganin Farawa 15:18 ta rufe bakin kowa, muna jiran bayaninsa a kan Maimaitawar Shari'a 2:5 da Ezekiyel 33:25.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ba mu zaman lafiya a Kano da Nijeriya baki ɗaya.

Naka,
Wani malamin karatun Littafi Mai Tsarki,
Sabon Gari, Kano.